Farar Riga da Jajayen Kwalabe

Kurmin Sarki, Suleja.
11 ga Yuni, 1979.

Zuwa ga matata Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa tare da so da bege. Ina fata kina lafiya, ke da abin da ke jikinki, da Baba da Inna da duk mutanen gida a Sabon Wuse. Yaya nauyin jiki? Kumburin ƙafar ya sauka? Ni nan lafiya lau, sai kewa. Kin ga na rubuta Suleja a sama, amma sai da na soke sau biyu, don hannuna har yanzu Abuja ya sani, bai saba da sabon sunan garin ba.

Bayan haka, akwai abin da na gani da safiyar Talata, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Na dawo daga tafkin gindin dutsen Zuma da gwangwanin laka a bayan keke, ƙafafuna duk caɓi, sai na tarar da Bamalli tela a ƙofar ɗakin aikinmu da tef a wuyansa. Ƙanenki Ishaku yana tsaye ya ware hannuwa, ana auna shi. Malama Morenike tana gefe tana nuna wa tela inda take so rigar ta tsaya, ƙasa da gwiwa kaɗan. Farar riga ce irin tata, mai aljihu uku.

Zuwaira, shekara biyu ke nan ina wanke wa Malama kwalabe da tsohon zane ɗaure a ƙuguna, ba wanda ya taɓa ɗora mini tef a kafaɗa. Ishaku kuwa bana ya zo. Na jingine keke na gaishe su, na wuce ciki. Daga baya ta ce mini tawa ma tana tafe, yadin ne bai isa biyu ba. Na ce to. Amma me ya sa da yadin ya isa ɗaya, ba a fara da wanda ya fara zuwa ba?

Kada ki ce ina ƙin ɗan'uwanki. Ke kika roƙe ni in nema masa wuri da ya bar makaranta, ni kuma na kai shi da hannuna, a ɗakinmu yake kwana, a kwano ɗaya muke ci. Abin da ya canja shi ne wannan. Aikin Malama a nan zai ƙare da ƙarewar damina, za ta koma jami'arsu a Ibadan, kuma an yarda ta tafi da mutum ɗaya, a ɗauke shi aiki na dindindin, a koya masa har ya zama gwani. Mutum ɗaya. Da ni kaɗai ne, babu magana. Yanzu mu biyu ne, ga shi kuma muna jiran baƙo a gida.

Kullum kina mini dariya wai mijinki kiwon ruwa yake yi. Bari in bayyana miki sosai wannan karon, ki san abin da ake takara a kansa. A cikin lakar tafkin nan akwai wasu halittu da ido ba ya gani, Malama tana ce musu bakteriya. Namu ba masu sa ciwo ba ne. Idan aka sa su a kwalba, aka cika ta fal da romon da nake dafa musu, aka toshe aka ajiye gaban fitila, sai su hayayyafa har ruwan ya rine kamar zoɓo. Iri biyu muke da su. Akwai masu tauri, waɗanda wani magani ba ya kashewa, akwai raunana, waɗanda da sun taɓa shi sun mutu. Malama ta karanta a wata mujallar ƙasar waje cewa dangin waɗannan ƙwayoyi sukan aika wa junansu gado ba tare da sun haɗu ba, har rarrauna ya wayi gari da taurin da ba a haife shi da shi ba. Tana so ta gani ko na Zuma ma suna yi. Ta gwada da kanta, wani lokaci abin ya yi, wani lokaci ya ƙi, ba ta gano dalili ba tukuna.

To yanzu ta raba mana kantocin ajiye kwalabe. Ta sama tawa, ta ƙasa ta Ishaku, kowa da jerin kwalabensa na masu tauri, shi zai kula da su tun daga zubi har ranar tacewa. Ba ta ce jarrabawa ce ba, amma ni ba yaro ba ne.

Ishaku ya taɓa sakandare, yana gane Turancinta tun kafin ta rufe baki, har su yi dariya tare ina tsaye da soso a hannu. Ni a aji huɗu na tsaya. Sai dai ni da tumaki na tashi, na san yadda ake riƙe abu mai rai. Za ki gani.

Ki gaishe mini da Baba da Inna da kyau. Ki karanta takardar nan da kanki, kada ki ba kowa. Datti direba zai kawo miki ita tare da ɗan sabulu.

Ni ne naki,
Gwadabe.

Suleja.
15 ga Yuli, 1979.

Zuwa ga Zuwaira abar tunawa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata jikin da sauƙi, su Inna kuma suna lafiya. Takardarki ta iso. Na ji inda kika ce riga ai yadi ce kawai, kuma duk wanda aka ɗauka a cikinmu gida ɗaya ne ya samu. Gaskiya kika faɗa. Na karanta wurin sau da yawa ko zai shiga, bai shiga ba.

An yi tacewar farko da ta biyu. Yadda ake yi, idan kwalba ta kai, sai a tace ruwanta da wata farar takarda mai faɗin sulai, wadda ramukanta suka yi ƙanƙantar da ko ƙwaya ɗaya ba ta ratsawa. Ruwan yakan fito garau. A zuba shi a kan raunana, a bar su su ɗan jima, sannan a shafa su a farantin gilas mai maganin nan. Bisa ƙa'ida duk mutuwa za su yi. To a farantan Ishaku sai ga jajayen ɗigo sun tsiro birjik kamar an watsa garin barkono. Kowane ɗigo zuriyar rarrauna ɗaya ce da ta sami tauri. Malama ta ɗaga farantin a taga tana ƙirgawa. Ta dafa kafaɗarsa. Sannan ta ɗauki nawa. Fes, Zuwaira, kamar na wanke su. Ta juya su ta sake juyawa, ta ce kada in damu, a sake. Aka sake, haka dai.

Ran nan ta zana mana abin da yake kai gadon a allo, ɗan kai da 'yar wutsiya kamar talibambam. Ta ce shi ne yake ratsa takardar, don ya fi ƙwayar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Siffarsa irin ta bairos ce, sai dai bairos gadon kansa yake ɗauke da shi don ya yi yawa. Wannan kuwa ƙwayar ce da kanta take ƙera shi, ta gutsuro gadonta ta ƙulle a ciki ta sake shi, duk 'yar'uwar da ta tsinta ta samu. Ita ma a hoto ta gan shi, madubinmu na duba ƙananan halittu bai kai can ba. Ni dai ƙulli nake ce masa, kamar ƙullin gishirin da Inna take sa miki a kaya. Ishaku ya yi ta jefa mata tambayoyi da Turanci. Ni ma ina da tambaya, amma kafin in haɗa ta an share allon.

Abin da ke cin raina shi ne, ki zo ki dubi kantocin nan biyu. Kwalabena sun fi kyau, ko makaho ya shafa ya san haka. Ja ne mai haske, babu gurɓata. Da na ga kwalba ta fara duhu, gari-gari ya soma kwanciya a gindinta, na san sun cunkushe kuma abincinsu ya ƙare. Sai in zubar da rabi da sassafe idan na zo shara, in cika da sabon romo. Ban faɗa wa kowa ba, dabarata ce. Malama ta ce a bar su har ranar tacewa, amma ai ba ta ce a bar su da yunwa ba. Na Ishaku kuwa, tun ranar da ya zuba ba ya ko waiwayarsu. Sun yi duhu kamar jinin da ya kwana, idan an buɗe har wari suke yi. A ce waɗannan wahalallun su ne masu kyauta, nawa ƙosassu su hana? Wane makiyayi ne zai yarda da wannan?

Akwai kuma abin da na gani. Ban so in rubuta ba, amma ke ce. Shekaranjiya da safe na shigo ɗauko bokiti, na same shi shi kaɗai a bakin taga, takardar tacewa a hannunsa na hagu, allura a na dama. Da ya ji motsina ya soke allurar a wuyan farar rigarsa, ya ce mini ina kwana. Idan aka huda takardar nan, masu tauri za su ratsa da kansu, su tsiro a faranti, a ce raunana ne suka sami gado. Na san akwai farantin shaida, wanda ake shafa tataccen ruwan shi kaɗai don a tabbatar babu ƙwayar da ta ratso, kuma nasa kullum babu komai. To amma wa ya tsaya a kansa lokacin da yake shafa na shaidar? Ruwan zafi ma garau yake.

Ban ce ya yi ba. Na ce na ga allura. Tun ranar nake kallon hannunsa idan muna cin tuwo, shi kuwa yana ta ba ni labarin wai a Ibadan akwai gidaje masu hawa fiye da goma.

Ki yi mini addu'a. Ki rage ɗaukar ruwa, akwai yara a gidan.

Mijinki,
Gwadabe.

Suleja.
20 ga Yuli, 1979.

Zuwaira,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Na san bakin Datti zai riga takardar nan isowa, shi ya sa nake so ki ji daga gare ni.

Jiya da azahar muna rumfar Mama Nneka, mai gidan da Malama take haya, wadda take sayar da shinkafa a ƙofar gida. Ni da Ishaku da Datti da Bamalli tela, da wasu masu cin abinci. Datti ya fara tsokana, yana ce wa Ishaku likita, wai idan ya je Ibadan kada ya manta da masu jan akwala. Bamalli ya ce shi dai a faɗa wa Yarabawa wanda ya ɗinka rigar. Mama Nneka ta ƙara masa nama ɗaya, ta ce na bankwana ne tun yanzu. Kowa yana magana kamar an riga an gama zaɓe, ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu. Ba wanda ya ko dube ni.

Kin san ni ba mai yawan magana ba ne. Ban san lokacin da ta fito ba. Na ce, “Wanda yake huda takarda da allura, ai dole farantinsa ya yi fure.”

Su Datti ba su san takardar da nake nufi ba, amma sun gane maguɗi nake cewa. Ishaku ya ajiye cokali ya dube ni, ya ce, “Yaya, ni?” Ya tashi ya bar naman a kwano. Da na koma gida da yamma babu akwatinsa, babu tabarmarsa. An ce yana shagon Bamalli.

Tagar ɗakin aiki tana kallon rumfar, Malama ta ji komai. Yau da safe ta kira mu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce maganar da na yi ba Ishaku kaɗai ta taɓa ba, idan gaskiya ce to duk abin da ta rubuta a daminar nan shara ne. Don haka ta fasa wata 'yar gajeriyar tafiya da ta shirya yi, za a zubar da komai a fara sabo, kuma mabuɗi yana hannunta. Ba mai taɓa kwalba ko takarda sai tana zaune tana kallo.

Na ji daɗin haka. Aƙalla za ta ga yadda nake wahala a kan nawa. Idan na zalunce shi, Allah zai nuna. Idan kuma ban zalunce shi ba, ina roƙonki kada ki riƙe ni a zuciya. Ki taya ni ba Inna haƙuri kafin nan, na san ranta zai ɓaci.

Naki,
Gwadabe.

Suleja.
26 ga Agusta, 1979.

Zuwa ga matata Zuwaira,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da Inna. Barkanmu da shan ruwa, da fatan an yi salla lafiya. Datti ya zo sau biyu ba takarda daga wurinki. Na tambaye shi ko kin ce wani abu, ya ce kin karɓa kin sa a ƙarƙashin filo. Ban ga laifinki ba.

An gama gwajin. Zan faɗa miki yadda ya kasance ba ragi.

Muka zuba sababbin kwalabe a gabanta. Kullum ita take buɗe ɗaki, ta zauna a kujerarta da littafi a cinya. Da kwalabena suka fara duhu, wata safiya na ɗauko ta farko, na wuce da bakinta ta harshen wuta yadda ta koya mini, na tsiyaye rabi a bokiti, na jawo tulun sabon romo. A hankali na yi, da yanga ma, don ta gani. Sai na ji ƙarar kujera. Ta tsaya a kaina ta tambaye ni me nake yi. Na ce abinci nake ƙara musu, sun cunkushe. Ta ce tun yaushe. Na ce tun ranar da ta ba ni kantar kwalabena.

Ta koma ta zauna. Can sai ta kifa kanta a tebur ta yi ta dariya har da hawaye, ni ina tsaye da kwalba a hannu, Ishaku yana kallon ƙasa. Da ta ɗago babu sauran dariya a fuskarta.

Ta karɓi kwalba ɗaya daga cikin nawa ta raba biyu. Ɗaya ta ce in ci gaba da ciyar da ita yadda na saba, ɗaya kuwa ta ɗaure mata jan zare a wuya, ta ce ko ƙura kada in share mata. Na yi ta kallon mai zaren nan tana duhu, hannuna yana ƙaiƙayi. Ranar tacewa, wadda na ciyar ta ba da faranti fes kamar kullum. Mai zaren kuwa, wadda na bari da yunwa, ta cika faranti da ɗigo, daidai da na Ishaku.

Ashe, Zuwaira, ƙwayoyin nan ba sa ƙera ƙulli idan suna cikin wadata. Muddin akwai abinci da sarari, kowace ci take yi tana rabuwa biyu, ba ruwanta da kowa. Sai wuri ya cika, abinci ya ja baya, sannan wani abu a jikinsu yake buɗe wannan aiki. Malama ta ce ta daɗe tana zargin haka, shi ya sa nata ma wani lokaci ya yi wani lokaci ya ƙi, gwargwadon tsufan kwalbar. Tana kuma zaton ba dukansu ke yi ba, 'yan kaɗan ne, kuma mai yiwuwa sai ƙwaya ta fashe kafin ƙullin ya fita, amma wannan ta ce ba ta tabbatar ba. Ni kuwa duk lokacin da suka kai gaɓar da za su fara, sai in zo da romona in mayar da su baya. Wata biyu ina hana su da hannuna, ina zagin wani.

Allurar kuma, takardun tacewa a manne suke zuwa, da wata shuɗiyar takarda a tsakaninsu. Ni farcena yana da tsawo, da shi nake raba su. Shi yana cin farce, sai ya sa bakin allura a gefe ya ɗaga shuɗiyar. Ya yi a gaban Malama, ta duba takardar a madubi, babu ko ƙwarzane.

Ranar Alhamis ta kira ni ni kaɗai. Kin san Hausarta ta Sabon Gari, ba ta kwana-kwana. Ta ce, “Gwadabe, hannunka ya fi nasa tsabta, farantinka bai taɓa yin fumfuna ba. Amma na ce a bar su, ba ka bar su ba, kuma ba ka faɗa mini ba. Ba zan iya tafiya da mutumin da zai gyara mini aiki a ɓoye ba, ko da da kyakkyawar niyya ne.” Ishaku za ta ɗauka.

Na ce na gode. Na fita na wanke kwalaben da suka rage, don ba wanda zai wanke su.

Kada ki zaci da na gane gaskiya sai zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na ga Malama tana nuna masa yadda zai cika takardar ɗaukar aiki, kawunansu a haɗe, sai na kau da kai. Da a ce ya yi maguɗin, da na sami abin riƙewa. Yanzu ba ni da kowa sai kaina. Shi bai yi komai ba, bari kawai ya yi, kuma barin ne ake so.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Watan ya kama, hankalina yana wurinki.

Mijinki mai tunaninki,
Gwadabe.

Suleja.
12 ga Satumba, 1979.

Zuwa ga maijego,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Alhamdu lillahi. Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa. Datti tun daga bakin tasha ya fara danna ham, ya leƙo ta taga yana cewa namiji ne, har masu lemo suka taya ni murna. Yaya ruwan zafi? A gaishe da Inna da aikin wanka, a gaishe da Baba.

Na ga layi biyun da kika ba Datti. Kin ce kada in zo suna da bakin da na ɓata ɗan'uwanki, sai na wanke shi a inda na ɓata shi. Ko ba ki faɗa ba na san da wannan, sai dai ina ta ɗagawa gobe, gobe. Takardarki ce ta tashe ni.

Abin dariya, a ranar ne Bamalli ya kawo tawa farar rigar. Ashe da gaske yadin ne ya yanke, sai yanzu aka samo. Malama ta ce tawa ce ko ba tafiya. Na sa ta, ta zauna mini daidai. Da azahar na fita da ita zuwa rumfar Mama Nneka, na aika aka kira Ishaku daga shago. Ban zauna ba. Na ce, “Maganar da na yi a nan kwanakin baya ƙarya ce. Ishaku bai huda komai ba. Ni ne na ɓata nawa aikin, na ji haushin nasa ya yi kyau. Ku da kuka ji waccan, ku ji wannan.”

Ishaku bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya matsa mini a benci. Da muka ci rabin kwano sai ya ce, ƙasa-ƙasa, farantansa uku sun yi fumfuna a makon nan, yana tsoron ya je Ibadan a yi masa dariya, ko zan nuna masa yadda nake zubawa. Na so in ce ya tambayi Turancinsa. Wallahi har ta zo bakina. Na haɗiye ta da shinkafa. Da la'asar na kama wuyan hannunsa a gaban wuta na nuna masa: murfi ba ya barin saman faranti, ba a numfashi a kai, kuma ba a surutu, wanda shi ne babban ciwonsa. Ya dawo da akwatinsa ɗakinmu. Bayan suna za su tafi.

Idan na ce miki abin ya wuce, na yi ƙarya. Jiya yana gwada takalmin tafiya sai na fita waje kamar ina neman wani abu. Amma ya rage ciwo.

Malama ta ce in riƙa aika mata laka daga tafkin duk wata. Datti kuma ya ce ana ɗaukar ma'aikata wajen da ake share filin sabon birni, zan je in gani bayan suna. Malama ta bar mini kwalba ɗaya, tana kan tagarmu inda rana take bugawa. Ta fara duhu tun shekaranjiya. Ban taɓa ta ba.

Rigar tana cikin ƙunshin nan, sau ɗaya na sa ta. Yadin mai kyau ne, a yanka wa yaro 'yan riguna. Maganar suna kuwa, na ji an ce Inna tana so a sa Ishaku. Ki ba ta haƙuri. Ban kai nan ba tukuna.

Sai na zo ranar suna da sassafe, in Allah ya yarda. Idan Baba yana son tabbaci kafin in iso, ba a ɓoye na yi ba. Datti yana wurin, ga shi nan a gabanku, a tambaye shi. Bamalli tela yana wurin. Mama Nneka tana wurin da ludayi a hannu, ita ce ma ta ce in maimaita da ƙarfi don na bayan rumfa ba su ji ba, na kuwa maimaita. Malama Morenike kuma tana tsaye a taga.

Ni ne mijinki,
Gwadabe.